Tarihin kyautar Emmy: ƙofar da ta saba buɗewa a makare

A daren 15 ga Satumba 2024, a birnin Los Angeles na Amurka, wani fim mai dogon zango mai suna Shōgun ya lashe kambun wasan kwaikwayo mafi kyau na shekara a bikin Emmy, wato bikin da ake karrama shirye-shiryen telebijin na ƙasar. Idan aka haɗa da waɗanda ya samu a zaman share fage na makon da ya gabata, kyaututtuka 18 ya kwashe a zango guda, abin da babu shirin da ya taɓa yi kafin shi. Yawancin maganar da ke cikin fim ɗin da Japananci aka yi ta, su kansu Amurkawa fassara suke karantawa a ƙasan allo. Sai da bikin ya kai zama na 76 kafin wani shiri da ba na Turanci ba ya ɗauki wannan kambu.

Masu shirya bikin kan ce ƙwarewa suke aunawa, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai duk wanda ya bi tarihin Emmy tun daga tushe zai ga cewa kafin a zo kan tambayar wa ya fi iyawa, akwai wata tambaya da ke gabanta: wa aka yarda ya shiga takarar? An sha rufe ƙofa ga wasu saboda garin da suke aiki, ko launin fatarsu, ko hanyar da shirinsu ke bi ya isa gidajen mutane, ko harshen da suke magana da shi. Kuma kusan kowane lokaci, ƴan kallo sun riga alƙalai isa wurin da shekaru.

Biki na gari ɗaya

A 1946 wani ɗan jarida mai suna Syd Cassyd ya kafa ƙungiyar ma'aikatan telebijin a Los Angeles. A lokacin telebijin jariri ne, gidajen da ke da akwatin ba su taka kara sun karya ba, manyan ƴan fim na Hollywood kuwa kallon raini suke yi masa. Masu sinima suna da bikinsu na Oscar tun 1929, don haka ƴan telebijin suka ga su ma suna bukatar abin da zai ɗaga darajar sana'arsu a idon jama'a da idon masu ba da talla.

Sunan kyautar daga cikin kyamara ya fito. Akwai wani bututun gilashi da ke ɗaukar hoto a kyamarorin wancan zamani, wanda injiniyoyi ke yi wa laƙabi da Immy. Wani injiniya, Harry Lubcke, ya ba da shawarar a ɗauki wannan suna, daga baya aka mayar da shi Emmy don ya dace da sunan mace, tunda mutum-mutumin da aka zaɓa na mace ne mai fukafukai tana ɗaga ƙwayar zarra sama. Louis McManus ne ya zana shi, ya yi amfani da siffar matarsa Dorothy. Fukafukan alamar fasaha ne, ƙwayar zarrar kuma alamar kimiyya.

An yi zaman farko ranar 25 ga Janairu 1949 a wani kulob da ake kira Hollywood Athletic Club. Kuɗin shiga dalar Amurka 5 ne, kyaututtukan kuma shida kacal. Wadda ta fara karɓa ita ce Shirley Dinsdale, budurwa ƴar shekara 22 da ke sa ƴar tsanarta mai suna Judy Splinters magana ba tare da an ga leɓenta na motsi ba. Tashar KTLA ta samu kyautar tasha mafi ƙwazo.

Ƙa'idar shiga a wannan shekara ita ce shirin ya kasance na yankin Los Angeles. Ke nan birnin New York, inda manyan kamfanonin watsa shirye-shirye suke da hedkwata kuma inda ake yin yawancin shirye-shiryen kai tsaye, yana waje. Dalilin bai rasa nasaba da na'ura: sai a Satumba 1951 aka kammala layin da ya haɗa gabashi da yammacin Amurka ta yadda za a iya kallon abu ɗaya a lokaci ɗaya. Daga nan abin ya yi gudu. A 1950 gidaje kusan 9 cikin 100 ne ke da telebijin a Amurka, a 1960 sun doshi 90 cikin 100. Bikin ya buɗe wa shirye-shiryen ƙasa baki ɗaya, kuma a 1955 tashar NBC ta watsa shi ga dukan ƙasar a karon farko.

Amma zaman New York da Los Angeles zaman kishiyoyi ya kasance. Ƴan New York, ƙarƙashin jagorancin fitaccen mai gabatar da shiri Ed Sullivan, sun kafa tasu ƙungiyar a 1955, aka haɗe a 1957, aka yi ta ja-in-ja na tsawon shekara ashirin kan wa ke da yawan ƙuri'a da wa ke riƙe da ragama. A 1977 auren ya mutu bayan an kai ga kotu. Ƙungiyar Los Angeles ta riƙe kyautar shirye-shiryen dare, lokacin da iyali ke zaune gaban akwati, ta New York ta ɗauki shirye-shiryen rana da labarai da wasanni. Rikicin ne ya sa aka jinkirta bikin wannan shekara zuwa Satumba, watan da ya zama lokacinsa na al'ada tun daga nan.

Launin fata

Ba a taɓa rubuta dokar da ta hana baƙar fata cin Emmy ba. Shingen yana can baya, a wurin da ake yanke shawarar wane shiri za a yi da wa zai fito a ciki. Misalin mawaƙi Nat King Cole ya isa. A 1956 NBC ta ba shi shiri nasa na kansa, ga murya ga farin jini, manyan taurari suna zuwa masa baƙunta. Amma babu wani babban kamfani da ya yarda ya ɗauki nauyin tallar shirin a faɗin ƙasa, don tsoron kada fararen fata na jihohin kudu su ƙaurace wa kayansa. A ƙarshen 1957 shirin ya tsaya.

Harry Belafonte ne baƙar fata na farko da ya ci Emmy, a 1960, da wani shirin waƙe-waƙe. Bill Cosby ya ci kyautar babban jarumi a wasan kwaikwayo sau uku a jere daga 1966 da fim ɗin I Spy. Gail Fisher ta zama mace baƙar fata ta farko da ta ci kyautar wasa a 1970, a matsayin mataimakiyar jaruma.

Sai shekarar 1977 ta zo da Roots, labarin zuri'ar Kunta Kinte, saurayin da aka kama a yankin Gambiya aka sayar da shi bawa a Amurka, wanda aka ɗauko daga littafin Alex Haley. Shugabannin tashar ABC sun ji tsoron kada farar fata su ƙi kallo, shi ya sa suka jera shi dare takwas a jere cikin Janairu don a gama da shi da wuri. Abin da ya faru ya ba su mamaki: kashi na ƙarshe ya samu masu kallo kimanin miliyan 100. Roots ya shiga takarar Emmy a gurbi 37, ya ci 9, ciki har da kyautar da Louis Gossett Jr. ya samu.

Mutum zai zaci daga nan an wuce wurin. Isabel Sanford ta ci kyautar babbar jaruma a wasan barkwanci a 1981, amma ba a sake ganin mace baƙar fata ta ɗauki wannan kyauta ba sai Quinta Brunson a Janairu 2024, bayan fiye da shekara 40. A ɓangaren wasan kwaikwayo mai dogon zango kuwa, sai a 2015 Viola Davis ta zama baƙar fata ta farko da ta ci kyautar babbar jaruma. A jawabinta na wannan dare ta nuna cewa abin da ya raba mata irinta da sauran shi ne samun dama, domin ba yadda za a yi mutum ya ci kyauta a kan rawar da ba a rubuta ba balle a ba shi.

A shekarun baya-bayan nan ƴaƴan ƴan Afirka da suka yi ƙaura sun shiga sahu. Uzo Aduba, wadda iyayenta ƴan Najeriya ne, ta ci sau uku, a 2014 da 2015 da 2020. Michaela Coel, ƴar Birtaniya mai tushe a Gana, ta ci kyautar rubutu a 2021. Amma a wannan shekara ta 2021, duk da yawan baƙaƙe da sauran waɗanda ba farare ba da suka shiga takara, dukan manyan kyaututtukan wasa 12 fararen fata ne suka tafi da su, abin da ya jawo surutu sosai.

Waya da intanet

Shinge na uku na hanyar watsawa ne. Shekaru da dama kamfanoni uku ne ke mulkin telebijin a Amurka, ABC da CBS da NBC, waɗanda kowa ke kamawa kyauta da eriya. A 1972 aka buɗe HBO, tashar da ke zuwa ta waya kuma sai an biya kuɗin wata, kamar yadda mai Canal+ ke biya a nan. Irin waɗannan tashoshi na kebul suka yi ta yawa, amma Emmy ba ta karɓar shirye-shiryensu. Dole suka ƙirƙiro nasu bikin mai suna CableACE a ƙarshen shekarun 1970. Sai a 1988 aka buɗe musu ƙofar Emmy, kuma bikin nasu ya ci gaba da jan ƙafa har 1997 sannan aka rufe shi, don ba sauran amfaninsa.

Da yake tashoshin biya ba su dogara da masu talla ba, sun fi samun sakewa wajen taɓa batutuwa masu nauyi. The Sopranos na HBO, labarin wani uban ƴan daba da ke zuwa wurin likitar ƙwaƙwalwa, ya shiga takarar wasan kwaikwayo mafi kyau a 1999, amma sai a 2004 aka ba shi. Daga nan ruwa ya canza hanya. Masu karatu da yawa za su tuna 24, fim ɗin Jack Bauer da aka sha kallo a faifai a Yamai da Maraɗi. Shi ne ya ci wannan kambu a 2006 a tashar Fox, kuma shi ne na ƙarshe daga tashoshin da ake kamawa kyauta. Tun daga lokacin tashoshin biya da kamfanonin intanet ke karɓa-karɓa. Game of Thrones na HBO shi kaɗai ya tara kyaututtuka 59 a tsawon rayuwarsa.

Da intanet ya zo, masu bikin sun ɗan koyi darasi, ba su jira shekara goma sha shida ba. A 2013 House of Cards na Netflix, wanda bai taɓa bi ta wata tasha ba, ya shiga manyan gurabe, daraktansa David Fincher ya ci kyauta. A 2017 The Handmaid's Tale na Hulu ya zama shirin intanet na farko da ya ci wasan kwaikwayo mafi kyau. A 2021 Netflix ya kwashi kyaututtuka 44 a shekara guda, ya kamo tarihin da CBS ta kafa a 1974. Kalmar telebijin kanta ta canza ma'ana: yanzu tana nufin shirin, ko da a wayar hannu aka kalle shi.

Harshe da iyakar ƙasa

Sauran duniya kuwa ɗaki daban aka gina mata. A 1969 aka kafa reshen ƙasa da ƙasa, wanda ya fara ba da tasa Emmy a 1973 ga shirye-shiryen da aka yi a wajen Amurka. A New York ake yin wannan biki cikin Nuwamba, kuma ba ya samun ko kusa da hasken da na Satumba ke samu. Duk da haka ta nan ne wasu harsuna suka fara shiga. Da aka buɗe gurbin fina-finan soyayya masu dogon zango a 2008, irin waɗanda Burazil da Meziko suka shahara da su, wani fim na Larabci daga Jodan mai suna Al-Ijtiyah ne ya fara ci. Shujaaz na Kenya, shirin matasa da ake yi da Sheng, harshen titunan Nairobi, ya ci kyautar ɓangaren dijital sau biyu, a 2012 da 2014. Ƴar wasan Afirka ta Kudu Thuso Mbedu ta shiga takarar jaruma mafi kyau a 2017 da 2018.

Babban ɗakin ya fara buɗewa a 2022, lokacin da Squid Game na Koriya ta Kudu ya shiga gurbi 14 ya ci 6. Jaruminsa Lee Jung-jae ya zama na farko da ya ci kyautar babban jarumi da wasan da ba na Turanci ba, daraktansa Hwang Dong-hyuk ma ya ci. Bayan shekara biyu Shōgun ya kammala aikin, Hiroyuki Sanada da Anna Sawai suka ɗauki kyaututtukan manyan jarumai. To amma a lura da hanyar da suka bi suka shiga. Squid Game na Netflix ne, Shōgun na tashar FX ne, dukansu kamfanonin Amurka. Bangon harshe ya tsage, na kuɗi da mallaka yana nan tsaye. Fim ɗin da aka yi a Seoul ko Legas ko Kano da kuɗin gida, wurinsa har yanzu bikin Nuwamba ne.

Su wa ke zaɓe

Ba ƴan kallo ke jefa ƙuri'a a Emmy ba. Mambobin ƙungiyar ne, mutum sama da 20,000 masu aiki a harkar, an kasa su bisa sana'a: ƴan wasa su zaɓi ƴan wasa, marubuta su zaɓi marubuta, masu haɗa hoto su zaɓi nasu, sannan kowa ya sa hannu a zaɓen shiri mafi kyau. Wannan ne ƙarfin kyautar, domin yabo ne daga wanda ya san wahalar aikin. Nan ne kuma rauninta yake. Ba a shiga takara sai an gabatar da shiri an biya kuɗin rajista, kamfanoni kuma suna kashe maƙudan kuɗi a talla da liyafa don jawo hankalin masu zaɓe. Mai zaɓe ɗan Adam ne, abin da ya gani ko ya ji ana zancensa a unguwarsu shi yake tunawa.

Shi ya sa jerin waɗanda ba su ci ba yake da abin faɗa. The Wire na HBO, wanda aka yi daga 2002 zuwa 2008 kan ƴan sanda da masu sayar da ƙwaya da makarantu da siyasar birnin Baltimore, kuma yawancin ƴan wasansa baƙaƙe ne, masu sharhi da dama suna sa shi cikin mafi kyawun abin da aka taɓa yi a telebijin. Sau biyu kawai ya shiga takara, duka a rubutu, bai ci ko ɗaya ba. Better Call Saul ya shiga sau 53 ya fita hannu rabbana.

Bikin kuma bai taɓa tsira daga abin da ke damun ma'aikata da ƙasar ba. A 1980 ƴan wasa suna yajin aiki, kusan dukan waɗanda ke takara suka ƙaurace, Powers Boothe ne kaɗai cikin ƴan wasan da suka ci ya zo ya karɓi tasa da hannunsa. A 2001 an ɗage shi sau biyu, na farko saboda harin 11 ga Satumba, na biyu saboda fara yaƙin Afganistan, sai a Nuwamba aka yi. A 2020 annobar korona ta sa kowa ya karɓi kyautarsa daga gida. Bikin 2023 kuwa yajin aikin marubuta da ƴan wasa ya tura shi zuwa Janairu 2024, kuma mutum kimanin miliyan 4.3 ne suka kalla, adadi mafi ƙanƙanta da aka taɓa samu zuwa lokacin. Ƴan kallon sun watsu a kan ɗaruruwan shirye-shirye, kowa da abin da yake bi a wayarsa, ba kamar zamanin Roots ba da ƙasa guda ke zama gaban abu guda.

Abin da ya shafe mu

Nijar tana da nata tarihin telebijin da ya kai a yi alfahari da shi. Tun 1964 aka fara koyar da yara ta telebijin a makarantu, Télé Sahel ta zo da labarai da wasanni cikin harsunan ƙasa, wasannin kwaikwayo irin na su Yazi Dogo suka tara iyali gaban akwati, daga baya tashoshi masu zaman kansu irin su Ténéré da Dounia da Bonferey suka shigo. A maƙwabciyarmu Najeriya, bikin AMVCA da aka fara a 2013 ya taɓa ware wa finafinai da shirye-shiryen Hausa gurbinsu. A yau kuma matasa a Damagaram da Tawa suna bin Labarina da Izzar So a YouTube, wasu kuma suna ɗaukar nasu wasannin da waya suna sakawa.

Duk wanda zai shirya bikin karrama irin waɗannan ayyuka a nan, ko ya gyara wanda ake da shi, tambayoyin da Emmy ta ɗauki shekara 75 tana amsawa su ne za su tare shi a ranar farko. Idan aka ce sai shirin da aka yi a Yamai, an maimaita 1949. Idan aka ce sai wanda wata tasha ta watsa, an bar masu YouTube a waje kamar yadda aka bar masu kebul har 1988. Idan babban kambu na shirin Faransanci ne kawai, Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci kuma a haɗa su a ƙaramin gurbi ɗaya, to an gina ɗakin Nuwamba a cikin gida, ga harsunan da mafi yawan ƴan kallo ke ji. Haka nan alƙalai: idan dukansu daga unguwa ɗaya suke, abin da ake zance a unguwar shi zai ci.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a kama zaure ko a buga katin gayyata, aikin farko shi ne a zauna a rubuta ƙa'idar shiga, a bayyana su wa za su yi alƙalanci da yadda aka zaɓo su, a buga wa kowa ya gani, sannan a sa ranar da za a riƙa sake duba ta.